Wasa ne ko gaskiya? Tambayoyi da amsoshi kan labaran da ke shigo mana ta salula a Tawa

Tambayoyin nan su ne ke ta dawowa duk inda aka zauna a Tawa: a fada wajen shayi, a tasha, a rumfunan kasuwar Lahadi, da cikin gurup na dangi da ya haɗa na gida da ƴan'uwa masu bida a Abijan, Libiya, Aljeriya da Kamaru. Na tara su wuri ɗaya saboda yana ci mini rai in ga mutanen kirki sun kwana da fargaba, ko sun ɓata da juna, a kan maganar da wani ya ƙaga yana dariya.

Mene ne labarin shaguɓe, kuma me ya raba shi da labarin ƙarya?

Labarin shaguɓe shi ne wanda aka ƙaga da gangan, aka sa masa rigar labarin jarida, don a ba mutane dariya kuma a zunguri wani hali na shugabanni ko na jama'a. Da Faransanci za ka ga an rubuta satire ko parodie. Mai rubuta shi so yake ka gane wasa ne, in ba ka gane ba aikinsa bai yi ba. Maƙaryaci kuwa duk fatansa kada ka gane.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ɗan kama yakan tsaya kamar malami yana jan baƙi yana fassara, alhali karatun nasa duk a kan tuwo da miya da nama ne, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar fatawa daga bakinsa. Yara masu tashe cikin azumi suna manna gemun auduga su kwaikwayi tsoho. Mamane, ɗan Nijar ɗin nan mai barkwanci, ya yi shekaru a gidan rediyon Faransa RFI yana ba da labarin ƙasar Gondwana da shugabanta. Ba ta cikin taswira, amma kowane mai saurare ya san inda maganar ta dosa. Dama Hausawa sun ce da wasa ake gaya wa wawa magana.

In wasa ne, me ya sa yake kama mutane haka?

Saboda wasa yana da wurin zamansa, in an ɗauke shi daga wurin sai ya zama wani abu dabam. Dubi wasan taubasai, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Bagobiri ya ce wa Bazabarme "bawana", Bafillace ya zolayi Babarbare, kowa ya yi dariya, don ana ganin fuskarsu, an san tsakaninsu, kuma an ji ramuwar da ta biyo baya. To a naɗi wannan kalma ɗaya tak, daƙiƙa biyar, a tura wa wanda bai san su ba, a ce masa "ji abin da ake faɗi a kanku". Ba a ƙara ko harafi ba, amma wasa ya koma zagi.

Haka labarin shaguɓe ke lalacewa a hanya. Mutum na farko ya karanta shi a shafinsa, ya yi dariya, ya ɗauki hoton fuskar salula, sunan shafin ya yanke. Na biyu ya ga hoton, ya tura ba tare da ya ce komai ba. Na uku, mai jin Faransanci, ya so ya taimaki dangi, sai ya fassara shi da Hausa cikin bokal, wato saƙon murya. Na huɗu ya sake faɗi da bakinsa, ya ƙara "wallahi". Kafin maganar ta kai ga Inna a wani ƙauyen Buza ko Keita, ba sauran ƙanshin wasa a jikinta. Ba ɗaya daga cikin huɗun nan da ya yi niyyar ƙarya.

Wannan gaɓar fassara ita ce na fi tsoro a nan Adar, yankinmu na Tawa. Yawancin shaguɓen ana rubuta shi da Faransanci ko Ingilishi, mu kuwa yawancinmu da kunne muke karɓar labari. Gatse ba ya tsallake fassara da sauƙi.

Da me zan gane cewa shaguɓe ne?

Fara da sunan shafin. Le Gorafi na Faransa, wanda ya fara a 2012, sunansa ma juya haruffan jaridar Le Figaro ne, kuma duk abin da ke cikinsa ƙagagge ne. Haka The Onion na Amurka da El Manchar na Aljeriya. Akwai kuma wani kashi dabam: jaridu masu zane da zolaya waɗanda ke cakuɗa raha da labari na gaske, kamar Le Canard Enchaîné a Faransa, Gbich a Kodebuwa, da Le Canard Déchaîné a Yamai. Waɗannan sai ka lura da wane shafi kake karantawa, na zane ne ko na rahoto.

In ba ka san sunan ba, shiga wurin da shafin ke bayanin kansa, inda aka rubuta À propos. Masu shaguɓe na gaskiya suna faɗi a nan cewa wasa suke. Sai ka duba sauran labaran shafin: in biyar a jere duk abin dariya ne, na shida ma ɗan'uwansu ne. Duba kwanan wata kuma, don ranar 1 ga Afrilu har manyan jaridu sukan yi labarin ƙarya na wasa da ake kira poisson d'avril.

Alama ta ƙarshe a cikin ranka take. In labari ya zo daidai da abin da ka daɗe kana faɗi a kan wanda ba ka so, har ka ji kana cewa "ai dama na sani", nan ne wurin tsayawa. Shaguɓe a kan abin da mutane suka riga suka yi zato ake gina shi, shi ya sa yake shiga ba sallama.

Ba marasa karatun boko ne kawai ke faɗawa ba?

A'a. A watan Nuwamba 2012 The Onion ta rubuta cewa ta zaɓi Kim Jong-un na Koriya ta Arewa a matsayin namijin da ya fi kowa kyau a shekarar. Shafin babbar jaridar jam'iyyar da ke mulkin Sin ya ɗauka da gaske, ya buga da hotuna masu yawa. Ƙwararrun ƴan jarida ke nan. A gurup ɗinmu ma, sau da yawa mai digiri ne ke fara turowa, sauran su yarda don shi ne ya turo.

An turo mini bokal, mai maganar ya yi sallama, ya rantse, ya ce da idonsa ya gani. Ba ya isa?

Bai isa ba. Tambaya ɗaya ce, wadda tsofaffinmu ke yi tun kafin salula: "Wa ya hwaɗi?" Mai maganar ya faɗi sunansa? Ya faɗi garin, da ranar? Wanda ya turo maka ya san shi, ko shi ma turo masa aka yi? In ka bi zaren sau biyu ko uku ka tarar ya ƙare a "anka ce", to ba ka da labari, jita-jita ke hannunka.

Wannan ba dabarar Turawa ba ce. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa, har zuwa bakin farko, kuma sai sun binciki kowane mutum a cikin jerin: mai gaskiya ne, yana da riƙo, ya ma taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ji daga gare shi? Abdullahi ɗan Mubarak, ɗaya daga cikinsu, ya ce isnadi, wato wannan jerin masu ruwaito magana, yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umurce mu da neman tabbaci kada mu cuci mutane cikin rashin sani mu wayi gari muna nadama. Kuma a gabatarwar Sahihu Muslim akwai hadisin da ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Al'ummar da ta gaji wannan ilimi bai kamata muryar da ba ta da suna ta tayar mata da gari ba.

Rantsuwa ba ta ƙara wa magana nauyi in ba a san mai rantsuwar ba. Haka ma kuka, da gaggawa, da "don Allah a tura wa kowa kafin a goge". Ni dai in na ji wannan jimlar, shakkata ƙaruwa take.

Mene ne kibiya biyu da nake gani a kan wasu saƙonni a WhatsApp?

Alama ce cewa saƙon ya ratsa hannu biyar ko fiye kafin ya iso gare ka. Tun watan Afrilu 2020 irin wannan saƙo ba a iya tura shi sai wuri ɗaya a lokaci guda. Kibiyar ba ta ce ƙarya ne ba, ta ce dai wanda ya turo maka ba shi ne mai maganar ba. Koma ga tambayar bokal a sama.

Hoto da bidiyo fa? Ai gani ya kori ji.

Gani ya kori ji in kai ne ka je wurin. A salula, abin da aka nuna maka kake gani, da bayanin da aka liƙa masa. Mafi yawan yaudarar hoto ba a taɓa hoton ba, tsoho ne ko na wata ƙasa aka ba shi sabon suna. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an yi ta yawo da tsofaffin bidiyon sojoji da jirage na wasu ƙasashe ana cewa Yamai ce. Duk damina kuma hotunan ambaliyar bara da na bara waccan suna dawowa.

Idonka na ɗan ƙasa babban makami ne. Rubutun shaguna da Faransanci yake ko da Ingilishi? Lambar motocin irin tamu ce? Kakin jami'an fa? Kuɗin da ke hannun mutane sefa ne ko naira? In an ce jiya abin ya faru a Abalak cikin watan Afrilu, ga ciyawa kore shar a hoton, ka san da sake. Saurari harshen mutanen da ke bayan fage, don Hausar Adar ba ta ɓoyuwa, ta Kano ma haka.

Sannan akwai Google Lens. Buɗe Google a wayarka, taɓa alamar kyamara, zaɓi hoton, zai nuna maka wuraren da ya taɓa fitowa. In ka gan shi a wani shafi na 2019, magana ta ƙare. In bidiyo ne, tsayar da shi a wuri mai kyau, ɗauki hoton fuskar wayar, ka bincika da shi. Ba ya cin kredi mai yawa.

Ana cewa yanzu kwamfuta tana ƙera fuska da murya. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. A watan Maris 2022 an fitar da bidiyon shugaban Yukren, Zelensky, yana cewa sojojinsa su ajiye makamai, alhali bai faɗi ba. A Maris 2023 hoton Fafaroma Francis cikin wata farar rigar sanyi mai kumburi ya zagaye duniya, kuma na'ura ce ta zana shi. A da ana gane irin waɗannan ta yatsu masu yawa, rubutun da ba ya karantuwa, ko leɓe da bai bi magana ba. Har yanzu duba su, amma kada ka dogara da su, don na'urorin kullum ƙara ƙwarewa suke. Tambayar asali ita ce ba ta tsufa: in shugaban ƙasa ya faɗi magana mai girma haka, ina ta fara fitowa, kuma me ya sa a TikTok kaɗai take?

Ga mu masu ƴan'uwa a waje akwai haɗari na kusa. In murya mai kama da ta ɗanka ta zo daga baƙuwar lamba tana cewa an kama shi a tura kuɗi yanzu, kada ka tura. Kira lambarsa da ka sani, ko ta abokin zamansa. In ka samu mai maganar, tambaye shi abin da ɗan gida ne kawai zai sani.

Takarda ce mai tambarin ƙasa, da kashe (wato hatimi), da sa hannu. Ita ma a yi shakka?

Kashe da tambari a yau kwafarsu ake yi daga tsohuwar takarda cikin minti kaɗan. Duba kwanan wata da lambar takardar. Duba ko wanda aka ce ya sa hannu shi ne ke riƙe da muƙamin a yanzu. Kuskuren Faransanci mai yawa ma alama ce. Sanarwar da ta shafi ƙasa duka, kamar ranar hutu, farashin mai, ranar komawa lakwal ko ta jarrabawa, za a karanta ta a Télé Sahel da Voix du Sahel, ta fito a jaridar Le Sahel ko a kamfanin dillancin labarai na ANP. In an kwana ba ɗayansu da ya ambace ta, ajiye ta.

Sanarwar ɗaukar aiki ko konkur (jarrabawar neman gurbi) ko tallafi da ta ce ka tura jaka biyar ko goma a lambar wani mutum, ko ka tura saƙon ga gurup goma kafin sunanka ya shiga, damfara ce. Shuɗiyar alamar nan ta gefen suna ma ba hujja ba ce kamar da: tun ƙarshen 2022 ana sayenta a Twitter, wanda ya koma X, daga baya Facebook ma ya fara sayarwa.

Labari zai iya zama gaskiya kuma ya ɓatar da ni?

Ƙwarai, kuma mu na bakin iyaka mun fi kowa fama da wannan. Akwai Illela ta jihar Tawa, akwai Illela ta Sakkwato da ke tsallaken Ƙonni. Akwai Nijar ƙasarmu, akwai jihar Neja a Najeriya, kuma da Ingilishi ko Faransanci rubutunsu ɗaya ne, Niger. Sau nawa aka ce an kai hari ko jirgin ruwa ya kife "a Niger", hankalin mutane ya tashi, ashe can wajen Minna ne? Ganin wata ma haka: sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato gaskiya ce, amma ta Najeriya ce, tamu daga Yamai take fitowa, kuma wani lokaci ranakun ba su zo ɗaya ba.

Sai kuma kanun labari da ya fi cikinsa zafi. Karanta har ƙasa kafin ka tura.

To wace kafa ce zan yarda da ita? Kowa yana cewa ta wancan ce maƙaryaciya.

Ba kafar da ba ta da mai ita. Ta gwamnati ita ce mafi tabbaci a kan abin da gwamnati ta yanke, amma ba ita za ta fara faɗa maka inda gwamnati ta gaza ba. Gidajen rediyon waje masu sashen Hausa, BBC tun 1957, Muryar Jamus tun 1963, RFI tun 2007, suna da ƙwararrun ma'aikata, kuma suna da idon ƙasashensu a kan abin da suka ɗauka muhimmi. Masu zaman kansu irin su Anfani, Ténéré, Dounia da Saraounia suna da masu su da masu ba su talla. Studio Kalangou, wanda ya fara a 2016, gidauniyar Hirondelle ta Suwizalan ce ta kafa shi. Hukumomi sun dakatar da RFI da France 24 a watan Agusta 2023, sun dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan. Abin da na lura da shi dai, duk lokacin da kafofi suka ragu, bokal marar suna ne ke cike gurbin.

Don haka ni ba na tambayar wace ce mai gaskiya gaba ɗaya, halinta nake dubawa. Tana faɗin sunan wakilinta da inda yake? Tana raba abin da ta gani da abin da aka gaya mata? Tana jin ta bakin wanda ake zargi? Kuma, wanda ya fi duka a wurina, in ta yi kuskure tana fitowa ta ce ta yi? Kafar da ba ta taɓa gyara kanta ba, ba wai ba ta kuskure ba ne.

In kafofi biyu da ba su ga maciji da juna suka haɗu a kan adadi ko rana, wannan ya yi ƙarfi. Amma shafi goma a Facebook da suka kwafi rubutu ɗaya, har da kuskuren harafi ɗaya, guga goma ne daga rijiya guda.

Me ya sa ake tsanantawa a kan labarin magani?

Don shi kuskurensa a jiki yake sauka. A watan Agusta 2014, lokacin Ebola, saƙo ya bazu a Najeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Mutane sun kwanta asibiti, wasu sun rasu, ba Ebola ce ta kashe su ba. A 2003 jita-jita ta sa an dakatar da allurar shan-inna a Kano har tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Duk saƙon da ya ce ka sha wani abu, ko ka daina maganin da likita ya ba ka, kai shi asibiti ka tambaya kafin ka gwada ko ka tura.

Akwai waɗanda aikinsu shi ne binciken irin waɗannan labarai?

Akwai. Africa Check ta fara a 2012, tana da sashen Faransanci a Dakar. AFP Factuel na yi da Faransanci, Dubawa kuma a Najeriya take tun 2018. Rubuta kalmomi uku ko huɗu na labarin a Google tare da sunan ɗayansu. Sai dai ba su kai ga bokal ɗin da ke yawo tsakanin Badagishiri da Madawa. A nan kiran waya ya fi: in an ce kasuwa ta ƙone ko an rufe hanya, akwai direba, ɗan kabu-kabu ko mai albasa da ka sani a garin.

Ni ma ina son yin barkwanci a shafina. Laifi ne?

Akwai hadisi a Abu Dawuda da Tirmizi mai gargaɗin wanda ke ƙarya don ya ba mutane dariya, kuma hukuncin inda kwaikwayo ya tsaya da inda ƙarya ta fara na malamai ne, a tambaye su. Abin da zan roƙa shi ne ka rubuta "wasa ne" a cikin hoton kansa, a tsakiya, inda ba a iya yankewa, saboda abin da aka bayyana a tambaya ta biyu. Kada ka ari tambarin wata jarida ko ma'aikata. Kuma mutuwa, hari, ƙabila, addini da magani, a bar su.

Kawuna ne ya turo ƙarya a gurup na dangi. Yaya zan yi ban ci fuskarsa ba?

Kada ka gyara shi a gaban ƙannensa da ƴaƴansa. Kira shi, ku gaisa yadda ya kamata, ka tambayi gida. Sannan ka ce: "Kawu, saƙon nan da kuka turo, na bi sawunsa, ashe daga wani shafin masu wasa ya fito. Mutane da yawa ya kama. Na ce in sanar da ku, don in daga bakinku gyaran ya fito an fi ji." Ka bar masa girmansa, kuma ka ba shi aikin da ya dace da shi. Yawancin dattawa tsoron kada wani abu ya sami iyali ne ke sa su turawa.

Na riga na tura, daga baya na gane ba gaskiya ba ne. Akwai abin da ya rage?

Akwai, kuma da hanzari. Doka ma ba ta barin mai turawa: Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, an cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi a 2022, aka maido da shi a watan Yuni 2024, kuma yaɗa abin da zai tada hankalin jama'a yana cikin abin da take hukuntawa. "Turo mini aka yi" ba garkuwa ba ce da za ka dogara da ita.

Goge saƙon ga kowa in lokaci bai wuce ba. Amma gogewa kaɗai ba ta isa, don waɗanda suka ji sun ji. Koma kowane gurup da ka tura, ka yi gyaran da irin hanyar da ƙaryar ta bi: in bokal ne, yi bokal da Hausa, don wanda bai iya karatu ba ya ji. Faɗi sunanka, faɗi wane saƙo, ka ce ka bincika ba haka ba ne, ka roƙi wanda ya tura gaba shi ma ya tura gyaran. In an ambaci sunan wani mutum a ciki, neme shi ka ba shi haƙuri. Tsofaffin da ka san ba su buɗe gurup sai jikoki sun kunna musu, waɗannan kira za ka yi ɗaya bayan ɗaya.